Canza Injin Jirgin Ruwa a Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Mutum ya ji an ce injin jirgin ruwa a Kano, sai ya yi murmushi ya ce, "To ina tekun?" Ba mu da teku kam, amma muna da madatsun ruwa, ga Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, muna da Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992, ga Watari a Ɓagwai, ga Thomas a Ɗambatta, ga Bagauda, ga Wasai. Kusan kowannensu akwai masunta da 'yan fito da ke cin abinci a kansa, ban da waɗanda ke shigowa birni daga Haɗeja da Nguru su yi sayayya su koma. Ni da gyaran janareta da injin ban ruwa na fara, injin jirgi daga baya ya same ni. Tambayoyin nan su ake maimaita mini a bakin shago har na haddace su, shi ne na ga gara in rubuta su wuri ɗaya.

Injina ya gaji. In gyara shi ne ko in nemi wani?

Sai mun ga inda ciwon yake. Kafireta ta toshe, fulogi ya mutu, kwayil ya ƙone, igiyar tayarwa ta tsinke, robar famfon ruwa ta cinye, duk waɗannan zazzaɓi ne, ba sa kai inji kushewa. Ko fistan da ringi ne ma ana canzawa inji ya koma aiki shekaru. Inda nake cewa mutum ya haƙura shi ne idan bulok ya tsage, ko karankashaf ya lalace, ko gidan giya ya fashe ruwa ya cinye haƙoran ciki. Ma'aunina shi ne, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin inji na hannu mai lafiya, to asara za ka bi da asara.

Akwai kuma injin da lafiyarsa ƙalau amma ya zama maraya. Kamfanin da ke yin Evinrude ya daina ƙera shi tun 2020, Johnson kuwa ya riga shi tafiya da shekaru. Irin waɗannan, ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya karye, sai ka yi wata biyu kana buga waya Legas jirgi na ɗaure a gaɓa.

Mai ƙarfin doki nawa ya dace da ni?

Kowa da wannan yake farawa, kuma kowa so yake in ce masa 40. Idan jirginka na faiba ne ƙirar kamfani, duba cikinsa wajen baya, sau da yawa akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka da yawan nauyinsa. Kada ka wuce abin da aka rubuta, magana ta ƙare.

Jirgin katako da kafinta ya haɗa a bakin ruwa ba shi da faranti, sai an yi aiki da hankali. Dogon kwale-kwale tsaga ruwa yake yi, ba hawa kansa yake ba. Tsawonsa ya riga ya yanka masa iyakar gudunsa. Da ya kai wannan iyaka, duk dokin da ka ƙara ba gudu zai zama ba, gindin jirgin zai nutse, goshinsa ya ɗaga, ya tara igiyar ruwa a baya, mai kuma ya yi ta ƙonewa a banza. Jirgin faiba mai shimfiɗaɗɗen ciki shi ne ke ɗagowa ya hau saman ruwa ya sheƙa, kuma shi ne ƙarin ƙarfi ke yi wa amfani.

A abin da nake gani, masuncin da ke fita shi da yaronsa da komarsu, 8 zuwa 15 ya wadace shi. Mai fito da ke ɗaukar mutane da babura da buhuna ranar kasuwa, 25 zuwa 40. Sama da haka sai babban jirgi mai katakon baya na gaske.

Ka kuma tuna inji nauyi ne, kuma duk a wutsiya yake zama. Yamaha Enduro 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa ya kai gida da magariba. Enduro 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu, ko kuwa ya kwana a bakin ruwa kana biyan mai gadi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: Kano tana sama da bakin teku da kusan mita 500. Inji yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, zafin Afrilu kuma ya ƙara rage masa numfashi. Saboda haka kada ka yi mamaki in injin da ka ga yana tsalle a Legas ya zo Tiga ya ɗan yi sanyi. Ba cutarka aka yi ba.

Dillali ya tambaye ni doguwar ƙafa ko gajeriya. Me yake nufi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma ita ake mantawa. Ƙafa ita ce sashen da ya sauko daga kan injin zuwa farfela. Tsayi uku aka fi samu: gajeriya inci 15, doguwa inci 20, sai mai tsawo sosai inci 25. A lambar injin za ka ga harafin S, ko L, ko X. A Yamaha, E15DMHS gajeriya ce, E15DMHL doguwa.

Kafin ka baro bakin ruwa, ɗauki tef ka auna katakon baya, daga saman inda ake maƙala inji zuwa ƙasan cikin jirgin, a tsakiya daidai. Rubuta a takarda ka sa a aljihu. A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar fiffike. In an ɗaura inji, wannan fiffiken ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba.

Ƙafa ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ka ji inji ya yi kururuwa jirgi bai motsa ba, musamman wajen juyawa. Mafi muni, ramukan da yake zuƙar ruwan sanyaya kansa suna fitowa sama, ya yi zafi ya kama. Ƙafa ta yi yawa kuma, tana jan ruwa kamar mai tafiya da zani a kogi, kuma ita ce ke fara gaisawa da duk abin da ke ƙasa.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini inji a bayan a-kori-kura, sabo fil, ko fentin bai ƙoje ba, gidan giya ya tsage biyu. Na ce, "Alhaji, me ya faru haka?" Ya ce, "Wallahi Malam, kututture ne." Na tambaye shi tsayin katakon bayansa, bai sani ba. Da aka auna, inci 15 ne, shi kuma ya sayi mai 20 saboda mai shago ya ce masa doguwa ta fi kama ruwa. Madatsun nan namu daji ne da gonaki ruwa ya cinye, itatuwan suna nan a tsaye a ƙasa. Da rani, in an saki ruwa don noman Kadawa da Kura, Tiga takan ja baya, kututturan su matso kusa da sama. Inci biyar ɗin nan da ya ƙara su suka ci masa kuɗin da ya isa ya sayi wani ƙaramin injin.

Mai gauraye ko mai baƙin mai daban?

Mai gauraye, wanda makanikai ke kira tu-siturok, shi ne irin Basfa da ƙaramin janaretan Tiger, ana haɗa masa mai da fetur a tanki ɗaya. Ɗayan, fo-siturok, irin Boxer ne, baƙin mansa na cikin inji ana juye shi lokaci-lokaci.

Mai gauraye ya fi sauƙin kuɗi, ya fi rashin nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma makaniken ƙauye zai kwance shi a kan buhu a gindin bishiya ya mayar. Laifinsa shan mai, hayaƙi, da ƙara. Fo-siturok yana tsimin fetur sosai, musamman a tafiyar sannu, shiru yake, ba ya barin maiƙo a kan ruwa. Amma mai 15 ɗinsa ya kai kilo 50, ya fi tsada, kuma ba ya yafe gurɓataccen fetur. Manyansa masu aiki da kwamfuta kuwa, in sun yi gardama sai an nemo mai na'ura.

Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 ba na ko dogon tunani, mai gauraye nake cewa. Yanzu lissafi ya canza. Wanda ke fito kullum daga safe zuwa la'asar, kuma yana kusa da makaniken da ya san fo-siturok, ya zauna ya yi lissafin man shekara, zai iya ganin tsadar ta biya kanta. Wanda ke can ƙuryar ruwa, nesa da kowa, har gobe mai gauraye nake zaɓa masa.

Wane kamfani ya fi?

Wanda za ka samu kayansa cikin kwana ɗaya. A ƙasar nan Yamaha ya yi wa saura nisa ta wannan fuska, musamman jerin Enduro da aka yi don masu aikin yau da gobe. Suzuki da Tohatsu injuna ne na ƙwarai, Mercury ma haka, Honda kuwa fo-siturok kaɗai yake yi. Ingancinsu ba abin tambaya ba ne, sai dai mu a Kano kusan kilomita 1,000 ke tsakaninmu da Legas inda manyan dilolin suke.

Sai 'yan Chana, irin su Parsun da Hidea. Ba na zaginsu. Da yawansu kwaikwayon tsohuwar ƙirar Yamaha ne, har wasu kayan suna shiga juna, kuma ga wanda ƙarfinsa ke nan sun fi zaman banza. Sai dai ka san abin da ka saya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗauki ɗan Chana a manna masa sitikar Yamaha a sayar da kuɗin Yamaha. Duba ɗan farantin lamba da ke jikin maƙalin injin, ka tabbata ba a kankare shi ko an sake liƙa shi ba, kuma lambar ta zo daidai da ta rasit.

Kafin ka biya, yi wannan gwajin: zaga Sabon Gari ka tambayi robar famfon ruwa, da farfela, da gasket na wannan injin. In shago uku sun ce sai an yi oda, ka ga amsarka.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Da farko, ina ya yi aiki? Yawancin na hannu da ke hawowa Arewa daga Legas, Warri ko Fatakwal suke, wasu kuma daga Turai ta Kwatano. Ruwan gishiri yana cin inji ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Alamarsa farin gari kamar toka a kewayen notuna, fenti ya yi ƙuraje, da notin da ya ƙi kwancewa ko ya karye a ciki. In ka ga an fesa sabon fenti har kan notuna da wayoyi, tambayi kanka me ake rufewa.

Dillali zai ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan ai sau biyu aka sa shi a ruwa." Ka ce masa to madalla, a kawo duro. A cika shi da ruwa har ya rufe fiffiken nan da kyau, a ɗaura injin, sannan a tayar. Kada ka yarda a tayar da shi a busasshe ko da na ɗan lokaci ne don ka ji ƙararsa. Famfon ruwansa roba ce mai fukafukai, ruwa ne man shafawarta, cikin daƙiƙu kaɗan take ƙonewa. Mai sayarwar da ya ja igiya a busasshe a gabanka, ya yi wa wasu goma kafin kai.

Taɓa kan injin kafin a tayar. In da ɗumi, an riga an ɗumama shi kafin ka iso, ka ce za ka dawo da safe ka gan shi a sanyi. Da ya tashi, duba fitsarinsa, wato ɗan siririn ruwan da ke tsartowa ta baya. Ya fito da ƙarfi ba yankewa. Sa giyar gaba, dawo tsakiya, sa ta baya, ka saurara ko tana gurnani ko tana fitowa da kanta.

Bayan an kashe, a kwance notin ƙasa na gidan giya a ɗiga man a tafin hannu. Mai lafiya launin zuma ne ko ya ɗan yi duhu. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sil, wato robar da ke tare ruwa, ya mutu. In ka murza ka ji ɓarɓashin ƙarfe, ka yi sallama. A cire farfela ma a duba bayanta, zaren koma da na ƙugiya yana naɗewa a nan ya yanke sil, ciwon injin masunta ke nan. A ƙarshe makanike ya sa geji ya auna matsin kowace silinda. Lambar kanta ba ta kai daidaiton muhimmanci ba, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Ka je da makanikenka, ba wanda dillali ya kira maka ba. Kuma ka karɓi rasit mai lambar inji da sunan mai sayarwa, domin injin jirgi na cikin kayan da aka fi sacewa a bakin ruwa.

Mai nawa zai riƙa sha?

In ka murɗe totur har ƙarshe, mai gauraye 15 yana shan wajen lita 7 zuwa 8 a awa, mai 40 kuwa yana kusantar lita 20. Tankin da ke zuwa da su lita 24 ko 25 ne, ka ga mai 40 a cikakken gudu awa ɗaya da 'yan mintuna zai shanye shi. Sassauta hannu zuwa kashi uku cikin huɗu, gudun da za ka rasa kaɗan ne, man da za ka tsira da shi da yawa.

Yaya ake haɗa man?

Mafi yawansu 50 bisa 1 ne, wato jarka mai lita 25 ta fetur, rabin lita na mai. Lita 20, mililita 400. Duba littafin injinka don ka tabbatar. Nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi aka yi don injin da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota ba ya ƙonewa tas, yana daskarar da ringi ya kashe fulogi. Na juye kuwa, wanda wasu ke saya a kwalba don araha, kada ma ya kusanci tankinka. Fetur ɗin bumburutu, in dole ta sa, a tace shi da kyalle mai tsabta, a bar na gindin jarka.

Farfelar da ta zo da shi ba ta isa ba?

Sau da yawa ta isa, amma ba kullum ba. Farfela kamar giyar mota take. A jikinta akwai lamba biyu, ta farko faɗinta, ta biyu nisan da take tura jirgi a juyi ɗaya. Kowane inji yana da iyakar juyin da ake so ya kai a cikakken totur, Enduro 40 tsakanin 4,500 ne da 5,500 a minti. In jirgi ya yi lodi inji yana nishi bai kai nan ba, rage lamba ta biyu. Kowane inci ɗaya da ka rage yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200. Mai ɗaukar kaya ƙaramar lamba yake so, mai son gudu da jirgi marar nauyi babba.

A ruwanmu mai kututture na fi son ta alminiyam a kan ta silba mai tauri. In an yi karo gara farfela ta lanƙwashe da a ce giya ta karye. Ka ajiye ta biyu a jirgi, da sifana da fin ɗinta. Masu shiga wajen Haɗeja da Nguru, inda kacala da kainuwa suka cika hanya, su saba da ɗaga inji suna share farfela da ramukan shan ruwa.

Na ga wasu suna ɗaura injin ban ruwa da dogon ƙarfe. Ya halatta?

Yana tafiya, ba ƙarya. Iska ce ke sanyaya shi, don haka taɓo da ciyawa ba sa toshe shi, kuma kayansa ko a kasuwar ƙauye akwai. Ga ɗan kwale-kwale a fadama dabara ce mai kyau. Amma ba shi da giyar baya, farfelarsa tsirara take, kuma walda ce ta gida. Ban yarda a ɗauki fasinja da shi a tsakiyar Tiga ba.

Na sayi sabo. Akwai wani abu a kwanakin farko?

Awa 10 na farko lallaɓa shi ake yi. A mai gauraye ana ninka man, 25 bisa 1 maimakon 50, kuma ba a riƙe shi a cikakken gudu. Bayan nan a juye man giya, daga baya kuma duk awa 100. Jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke jikin makashin inji, a wuyan hannu ake ɗaura ta, don in ka faɗa ruwa injin ya mutu nan take. Yawancin waɗanda nake gani sun naɗe ta a jikin hannun injin kamar ado.

In na sa babban inji zan iya ƙara yawan fasinja?

A'a. Inji turawa yake yi, ba ya ɗaukar nauyi. Abin da jirgi zai ɗauka faɗinsa da zurfinsa ne suka yanke, babban inji ma rage maka yake, don nauyinsa ya cinye gurbin mutum guda, kuma a baya inda ruwa ya fi saurin shigowa. Mutanen Kano ba su manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a ruwan Ɓagwai da mutanen da suka taso daga Badau, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare. In za ka ware kuɗin inji, ware na riguna a ciki. Filafili da gwangwala kuma su zauna a jirgi ko da injin jiya aka ɓare shi daga kwali.

Yaya zan ɗauko shi daga birni zuwa bakin ruwa?

A tsaye ya fi, a ɗaure jikin katako. In dole sai an kwantar, kan injin ya fi farfela tudu, don ragowar ruwan da ke ƙafa kada ya gangaro cikin silinda. Fo-siturok yana da gefe ɗaya tak da aka yarda a kwantar da shi, akwai hoto a jikinsa ko a littafinsa. Ka kwantar ta ɗaya gefen, baƙin mai ya malale cikin silinda, ka isa Tiga ka ja igiya ta ƙi motsi. Yawancinsu ma ba mai a cikinsu suke fitowa daga kwali, sai ka zuba kafin tayarwar farko. Ka ƙone fetur ɗin da ke kafireta kafin tafiya, ƙafar na cikin duron ruwa, ka sa tsohuwar taya ko katifa a ƙarƙashi, kuma ka roƙi direba kada yaran mota su ɗora buhu a kan ƙafar, ko da sun rantse maka cewa na barkono ne.